Ruwan Agusta da Kasafin Disamba

Duk shekara, da zarar marka ta kankama a Kano, gardama ɗaya ce ke tashi a gidajen rediyo da majalisun bakin titi. Ruwa zai sauka na awa biyu, shataletalen Baban Gwari ya koma tafki, masu adaidaita sahu su sauko suna tura kekunansu da wando a naɗe, a cikin lunguna kuma katangun jar ƙasa su riƙa zubewa. Washegari mutane su rabu gida biyu. Wasu su ce gwamnati ta fito da kuɗi ta gina manyan magudanai irin na garuruwan da suka ci gaba, wasu su ce ko da zinare aka yi kwata sai ta toshe muddin jama'a na zuba mata shara suna gini a kan hanyar ruwa. Kafin a kai ƙarshen maganar damina ta ɗauke, hunturu ya shigo, a kai kasafin kuɗi gaban majalisa a lokacin da kwatoci suka bushe ƙayau, babu mai tunawa da su. Kowane ɓangare yana riƙe da wani yanki na gaskiya, amma abin da ya kamata a yi gardama a kansa shi ne inda naira ta farko za ta tafi, da wanda zai riƙe ta.

Hujjar masu son a gina sababbin magudanai tana da ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. Tsarin raya birnin Kano na shekara ashirin da wani masanin tsara birane mai suna Trevallion ya shirya ya fara ne daga 1963 ya ƙare a 1983, an kuwa zana shi ne don garin da bai kai rabin rabin na yau ba. A ƙidayar 2006 ƙananan hukumomi takwas na cikin birni sun tashi da mutum kimanin miliyan 2.8, daga nan kuma gari ya ci gaba da cinye gonakin Kumbotso da Ungogo da filayen awon igiya. Kowane gida da aka yi wa rufin kwano aka shafe tsakar gidansa da siminti ya daina shan ruwan da ke sauka a kansa, ya koma tura shi waje. Lissafin ba shi da wuya. In ruwan milimita 50 ya sauka a fili mai ƙafa hamsin da hamsin, lita 11,600 ke nan, wato jarka fiye da 460 mai cin lita 25, kuma kusan dukkansa ta indararo da rariya zai fito lungu cikin awa guda. A ninka wannan da gidajen unguwa ɗaya a ga abin da ake nema ƙaramar kwata mai faɗin taku biyu ta haɗiye. Ga shi kuma ruwan kansa ya sauya hali. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982. Wanda ya ga abin da damunar 2024 ta yi wa Maraɗi da Damagaram, har tsohon masallacin Damagaram ya rushe, ba zai ce wannan maganar masu bincike ce kawai ba. Saboda haka idan mai wannan ra'ayi ya ce shebur da baro ba za su faɗaɗa kwalbatin da aka yi wa ƙaramin gari ba, gaskiya ya faɗa.

A da birnin yana da nasa maganin, ko da yake ba injiniya ne ya zana shi ba. Kududdufan da aka haƙa ana ɗibar ƙasar gini su ne rumbunan ruwan damina: ruwan unguwa ya gangara cikinsu ya kwanta, ya riƙa tsotsewa a hankali yana ciyar da rijiyoyin maƙwabta. Suna da sauro, suna da wari, yara kuma sun sha nutsewa a cikinsu, don haka ba a yi kukan rabuwa da su ba lokacin da aka shiga cike su da bola ana yanka filaye. Sai dai ruwan da suke riƙewa bai fasa sauka ba. Duk kududdufin da ya koma shaguna ko rukunin gidaje, nauyinsa ya koma kan kwatar da ke kusa, ita kuwa ba a ƙara mata ko taku ɗaya ba.

Ɗaya ɓangaren kuma hujjarsu a ido take, ba ta buƙatar lissafi. A leƙa kowace babbar kwata a watan Mayu a ga abin da ke ciki: yashi da iskar rani ta kwaso ya cika rabinta, a kansa ledar fiya-wata da robobin lemo da tsummokara, a wani wurin har ciyawa ta tsiro awaki na kiwo. Mai shago ya ɗora mata falanki na kankare ya kafa teburinsa, na kusa da shi ya ga haka ya ja katangarsa ta hau rabinta. Kwatar da yashi ya cinye rabinta, rabin kuɗin da aka kashe a kanta an binne shi ke nan. Lokacin da ruwa ya shiga kasuwar Kantin Kwari a damunar 2022 ya jiƙa dilolin atamfa da shadda, abin da 'yan kasuwa suka fi nunawa da yatsa shi ne gine-ginen da aka dasa a kan hanyoyin ruwa da hanyoyin wucewa. Masu wannan ra'ayi suna cewa in aka zuba biliyoyi a sabon aiki alhali halin da ya kashe tsohon yana nan, an zuba ruwa ne a kwando.

Inda wannan hujjar take yin rauni shi ne wajen ɗora laifin kacokan a kan talaka. Matar da ke aika almajiri ya juye shara a kwata da daddare tana yin haka ne domin bolar unguwa ta cika ta tumbatsa, motar kwashewa kuma ta yi makonni ba ta leƙo ba. Samarin unguwa da ke fitowa aikin gayya ranar Asabar ɗin ƙarshen wata sun yi nasu: sun shiga cikin baƙin taɓo har gwiwa, sun yaso shi sun tara a gefen titi. Tarin zai kwana, ya yi mako, ya bushe, babura su baje shi, ruwan farko ya mayar da shi inda aka ɗebo shi. Abin da ya rage a aikin shi ne tifa, tifa kuwa ba ta cikin ƙarfin ƙungiyar unguwa. Haka nan batun gini a kan hanyar ruwa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, izinin gini kuma a Kano daga hukumar KNUPDA yake fitowa. Ginin bene ba ya tsirowa cikin dare ɗaya kamar naman kaza. Ko dai an ba shi takarda, ko an kawar da kai har ya kai linta. Yawancin abin da ake kira halin jama'a, in aka bi sawunsa, a ƙofar wani ofis yake tsayawa, don haka wa'azin tsafta shi kaɗai barin jaki ne ana dukan taiki.

Masu son babban aiki su ma akwai abin da ya kamata su tsaya su duba, wato Jakara. Wannan rafi shi ne babbar hanyar da ruwan tsohon birni da Fagge ke bi ya fita arewa maso gabas, ya haɗu da Getsi mai ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai, ya ƙare a madatsar Wasai a Minjibir. A zangon mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu aka ɗauko aikin Jakara zuwa Kwarin Gogau, wanda aka fi sani da Wuju-Wuju: a ɗaure rafin da kankare, a rufe shi, a shimfiɗa titi a kansa. Tunani ne babba, kuma irin abin da ɓangaren farko ke nema ke nan. Amma gwamnati ta sauya a 2015, aka shafe sama da shekara goma aikin bai kai ƙarshe ba. Magudanar da aka yi rabi ta fi wadda ba a taɓa ba haɗari, domin ruwa yana gudu a kan kankare fiye da yadda yake gudu a kan ƙasa, ya isa inda aikin ya tsaya da ƙarfinsa duka, ya fantsama cikin gidajen da ke wurin. Ga kuma matsalar rufin kanta. Buɗaɗɗiyar kwata tana da muni tana kuma cin rai, amma ana ganin cikinta, mutum goma da shebur za su iya yashe ta. Rufaffiya tana da kyan gani, sai dai in ta toshe ba mai sani sai ranar da ruwa ya ɓullo ta ramukan titi, yashe ta kuma sai da injin da ma'aikatan da aka horar. Duk wanda ya zaɓi rufi ya ɗauki alkawarin kashe kuɗi kowace shekara har abada, ko ya sani ko bai sani ba.

A nan ne nake ganin ma'aunin ya rinjaya. Ana buƙatar sababbin magudanai, wannan babu ja, amma su ne na uku a layi. Na farko shi ne taswirar gangaren birnin gaba ɗaya, wadda za ta nuna inda kowane ruwa ke tasowa da inda yake faɗawa, wane yanki ne ke zuba a Jakara, wane ne ke gangarawa kudu zuwa Challawa, waɗanne kududdufai da fadamu ne suka rage, sannan a sa su cikin doka a matsayin wuraren da ba gwamnan da zai iya yankawa. Wannan aikin bai kai kuɗin gadar sama guda ba. Na biyu shi ne kason yashewa da gyara da zai zauna a kasafi dindindin, kamar albashi. Sai na uku, gini, shi ma daga mafitar ruwa a faro a yo sama. Abin da aka saba gani akasin haka ne: ɗan majalisa ko kansila ya samo aikin mazaɓa, a gina lambatu mai kyau na mita ɗari uku a unguwar da ta ba shi ƙuri'a, a yanke kyalle, bakin lambatun kuwa a buɗe yake a kan unguwar da ke ƙasa. An kashe kuɗin jama'a an ɗauke ambaliya daga wannan layi an kai ta wancan. Dalilin da ya sa ake fifita gini a kan gyara kuwa sananne ne: sabon aiki yana da allo mai hoton mai girma, yana da ɗan kwangila, yashe kwata kuwa ba wanda ake ɗauka hoto a gabansa.

Sai tambayar wanda zai riƙe aikin, a nan kuma wata muhawarar ce a cikin muhawara. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa gina magudanai da kula da su, da kwashe shara, cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya, kuma ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye maimakon bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, ko da yake aiwatarwar na tafiyar hawainiya. Masu goyon bayan wannan suna cewa ciyaman da kansila su ne suka san lungun da ke cika, su ne kuma mai unguwa zai iya tsarewa a ƙofar gida, don haka a sakar musu kuɗi su yi aikinsu. Dangane da ƙananan kwatocin cikin unguwa, ina tare da su ɗari bisa ɗari. Amma ruwa gangare yake bi, bai san iyakar Gwale da Dala ba. Abin da ya sauka a Gwale da Dala da ƙaramar hukumar Birni shi ne ke isa Fagge da Nasarawa da Ungogo. In kowane ciyaman ya yi nasa tsarin, na tudu zai gina abin da zai fitar da ruwa daga yankinsa da sauri, na kwari ya kwashi kashinsa a hannu. Manyan hanyoyin ruwa suna buƙatar hannu ɗaya da asusu ɗaya, wanda jiha da ƙananan hukumomin nan takwas za su riƙa zuba wa kaso ƙayyadadde bisa doka.

Na san abin da za a ce: wata sabuwar hukuma ke nan, wani sabon wurin ci. Tsoron yana da tushe. Tun 1981 aka kafa asusun kula da muhalli na tarayya domin irin wannan matsala ta ambaliya da zaizayar ƙasa, kuma a 2018 kotu ta ɗaure tsohon gwamnan Filato, Joshua Dariye, kan karkatar da sama da naira biliyan ɗaya daga kuɗin asusun, kafin a yi masa afuwa a 2022. Kuɗin da aka ware da sunan ruwa yana da saurin bin ruwa. Amma wannan hujja, in aka bi ta har ƙarshe, za ta hana a gina asibiti da makaranta ma. Abin da ya bambanta aikin kwata da sauran ayyuka shi ne sauƙin aunawa. Tsawonta sananne ne, zurfinta sanda ke nunawa, tifar da ta fita da taɓo ana iya ƙirga ta. In aka liƙa sunan kowace magudana da kuɗin da aka ware mata da ranar gamawa a ƙofar sakatariya, aka karanta a rediyo, aka kuma hana biyan ɗan kwangila sai mai unguwa da ƙungiyar unguwa sun sa hannu cewa an kwashe abin da aka yaso, satar ba za ta ƙare ba, amma za ta yi wuya. Ba kuma lallai ne a buɗe sabon ofis da sababbin motoci ba. Ma'aikatar muhalli da KNUPDA da hukumar kwashe shara ta REMASAB suna nan, abin da babu shi ne wanda za a kama da laifi shi kaɗai idan Jakara ta toshe.

Daga ina kuɗin zai fito? Amsar da ta fi daɗin faɗi ita ce Bankin Duniya. Bayan ambaliyar Agustan 2011 da ta kashe sama da mutum ɗari a Ibadan, bankin ya amince da dala miliyan 200 a 2014 don aikin da ya haɗa da tsarin magudanan birnin da gyaran madatsar Eleyele, a ƙarshen 2021 kuma ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na jihohin arewa goma sha tara da Abuja. Irin wannan kuɗi ya dace da babban aikin da za a mora shekara hamsin, kamar ɗaure kwazazzabon Bulbula da Gayawa ko kammala Jakara. Sai dai rance ne, da dala ake biya. A 2014 dala ba ta kai naira 200 ba, a 2024 ta haura 1,500. Kuma babu mai ba da rancen da zai zo yashe maka kwata duk watan Afrilu. Kuɗin gyara dole daga gida zai fito, gidan kuwa ba a talauce yake kamar da ba, tunda kason da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓa daga Abuja ya ƙaru sosai bayan cire tallafin mai a 2023, ko da yake farashin siminti da rodi da gas ɗin tifa shi ma ya bi shi a guje.

Akwai wata hanya da ba a son ambata, wato a sa waɗanda suka fi tura ruwa waje su biya. A garuruwa da yawa na Jamus ana lissafa kuɗin ruwan sama ne bisa faɗin abin da mai gida ya rufe da rufi ko kankare, wanda ya bar ƙasa tana shan ruwa a rage masa. Tsarin mulkinmu ma ya san harajin gidaje. Za a ce mutanen da ke fama da abin sawa a baki ba za a ƙara musu haraji ba, kuma ko Legas da ta sabunta harajin filayenta a 2018 sai da ihun jama'a ya sa ta rage. Gaskiya ne, shi ya sa bai kamata a doshi gidan mai ɗaki uku a Kurna ko Rimin Kebe ba. Gidan mai da ya shafe rabin eka da intalok, da rukunin shaguna, da ɗakin taron biki, da rumbun ajiyar kaya, su ne ke zubo ruwan da ya fi na layi guda, kuma suna da abin biya. In mai irin wannan wuri ya haƙa ramin da zai riƙe ruwansa ya tsotse a cikin harabarsa, a yafe masa. Ko ba a tara kuɗi mai yawa ba, an rage abin da ke isa kwata, wannan kuwa ya fi arha a kan faɗaɗa ta.

Wuri mafi ɗaci shi ne na gidajen da suka riga suka zauna a kan hanyar ruwa. Wasu magudanan ba za su buɗe ba sai an rushe gini, kuma ba duk mai ginin ne azzalumi ba. Akwai wanda ya sayi filin da guminsa a hannun dillali, da sa hannun shaidu, a lokacin rani, bai san kwari ba ne sai da damina ta zo. Rusau ɗin da aka yi a Kano a 2023, duk da cewa ba na magudanai ba ne, ya nuna yadda katafila ke saurin kai gwamnati kotu da biyan diyya. Saboda haka diyya da filin musaya wani ɓangare ne na kuɗin magudana, a rubuta su cikin kasafin tun farko, a kuma fara rusau da ginin mai ƙarfi kafin na mara ƙarfi, in ana son jama'a su yarda ba zalunci aka zo yi ba. Kada kuma a yi wa mutane alkawarin abin da kwata ba za ta iya ba. Ruwan da ya shafe Maiduguri a Satumban 2024 daga ɓallewar madatsar Alau ya zo, kamar yadda na Bagauda ya zo wa mutanen Kano a 1988, irin wannan kuwa babu lambatun da zai ɗauke shi. Maganar da ake yi a nan ta ruwan da ke sauka a kan rufin gari ce, wanda ake sa ran zuwansa duk shekara.

Tunda ana sa ransa, lokacin sakin kuɗin ma wani ɓangare ne na tsarin. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, hukumar NIHSA ta biyo da jerin wuraren da ambaliya ke iya shafa kafin ruwa ya sauka. Amma sau da yawa sai a Yuli ko Agusta ake ganin katafila a bakin kwata, bayan ruwa ya riga ya shiga ɗakuna, ana rabon tabarmi da buhunan shinkafa a makarantun firamare. Yashi busasshe ya fi taɓo sauƙin haƙa da sauƙin ɗauka, leburori sun fi samuwa da rani lokacin da 'yan ci-rani suka cika gari, tifa kuma tana iya shiga lungun da in damina ta yi nisa sai dai a bi shi da ƙafa. Kason yashewa da aka amince da shi a Disamba ya kamata ya fita a Fabrairu, a gama manyan magudanai kafin ƙarshen Afrilu, ƙananan kwatocin unguwa su biyo baya a Mayu, a bar wa watannin marka ƙaramar runduna mai zagayawa tana buɗe bakin kwalbatoci bayan kowane ruwa.